Na biya kusan jikka shida don farantin alayyahu a gidan abincin Girkawa

 Yau ba siyasa na zo da ita ba, maganar ciki ce. Kuma kar wani ya ce ƙaramar magana ce, don in ka zauna ka yi lissafi, yawancin kuɗin da ke fita aljihunka ta baki suke bi.

A damanar da ta wuce na je Faransa wajen ɗan ƙanwata da ke karatu a Paris. Kwana biyu da saukata, da dare, sai ya ce mini: "Kawu, yau ba girki, ku taso mu je mu ci grec." Ni kuwa na gyara hula, na ɗauka gidan abincin mutanen Girka za a kai ni. Muka shiga wani ɗan shago da bai fi ɗaki ɗaya ba. Mai yankan naman Baturke ne, mai karɓar kuɗi ɗan Aljeriya, ga takardar halal manne a gilashi. Nama jibge a jikin ƙarfe a tsaye yana juyawa gaban wuta, ana shafto shi da doguwar wuƙa a zuba cikin burodi, a ɗora firit, a malala farin sos a kai. Na ce, yaro, ai wannan shawarma ce irin wadda ake sayarwa a Yamai, ina Girkawan? Ya yi dariya ya ce: "Kawu, suna ne kawai. Nan haka ake kiranta."

Gaskiyarsa. A Paris da kewayenta in ka ji matashi ya ce grec, kebab yake nufi. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne Girkawan unguwar Quartier Latin ne suka fara yin suna da sayar da wannan nama cikin burodi, sunan ya manne, daga baya Turkawa da Larabawan Arewacin Afirka suka cika sana'ar. Asalin abin kuwa ɗaya ne. Turkawa suna cewa döner, Girkawa suna cewa gyros, Larabawa suna cewa shawarma, kuma duk kalmomin ukun maganar juyawa suke yi. Ita kanta kalmar shawarma daga wata kalmar Turkanci ta fito mai ma'anar juyawa. A ƙasar Turkiyya ta zamanin daular Usmaniyya aka fara tsayar da ƙarfen gashin a ƙarni na 19, garin Bursa na cikin waɗanda ake dangantawa da shi. A 1923 Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a, Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya suka koma Girka, Musulmi kusan dubu 400 suka yi akasin haka. Kowa ya tafi da tukunyarsa da irin girkinsa. Mu kuma nan, 'yan Labanon ne suka kawo mana tata, shi ya sa sunan Larabci muka sani.

To ni dai na ƙi yarda a ce na zo har nan na ci "Girka" ba tare da na ga Bagirke ko ɗaya ba. Na matsa wa yaron, ranar Asabar ya nemo wani ƙaramin gidan abinci na ainihin Girkawa. Ba wurin manya ba ne. Tebura ba su wuce goma ba, an shimfiɗa musu takarda a maimakon ƙyalle, kujerun katako, wata dattijuwa 'yar tsibirin Kirit ce ke girki, ɗanta yana kai wa mutane. Wurin da ma'aikaci zai shigo da rana ya ci ya koma bakin aiki.

Kafin in ce komai a kan daɗi, bari in fara da abin da ya fi muhimmanci ga duk wanda tafiya za ta kai shi irin wannan wuri. Naman da ke juyawa a gidan ainihin Girkawa yawanci na alade ne. Akwai na kaza, amma gyros na asali a Girka alade ne, haka ma tsirensu da suke kira souvlaki. Wanda ya saba da grec na unguwa mai takardar halal zai iya shiga ya nuna da yatsa, ya ci abin da ba ya ci, bai sani ba. Ni da na tambaya, yaron matar bai ɓoye mini komai ba. Ya ce na ƙarfen nan alade ne, kazar kuma wuƙa ɗaya ke yanka su, moussaka ta yau akwai giya cikin miyarta. Wallahi na ji daɗin wannan gaskiyar fiye da yadda zan ji daɗin naman. Maganar yankan Ahlul Kitabi na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Amma alade da giya ba su buƙatar doguwar fatawa, tambaya kawai suke buƙata, kuma ba abin kunya ba ne. Kalmar alade da Girkanci hirino ce, a riƙe ta.

Da dattijuwar ta ji abin da ake ciki sai ta fito daga madafa tana goge hannu, ta ce da Faransanci in kwantar da hankalina, rabin abincinta babu nama. Ta yi mini bayani: su Kiristocin Otodoks suna da azumi mai yawa a shekara, Laraba da Juma'a da kuma makonnin da ke gaban bikin Ista, kuma a azuminsu nama da nono da ƙwai ake bari. Saboda haka suka gaji tarin girke-girke na wake da ganye da kayan lambu, suna kiransu nistisima. Ta ce in bar mata zaɓi. Na bar mata.

Jama'a, abin da aka fara ajiyewa gabana wake ne. Wakenmu, fari mai baƙin ido, irin wanda ake aunawa a kasuwar Maraɗi da tiya. An dafa shi bai farfashe ba, an yanka masa albasa da tumati, an matsa lemun tsami, an zuba man zaitun. Mavromatika suke ce masa, wato mai baƙin ido. Na biyu, ganye ne dafaffe an tsane shi, da mai da lemun tsami da ɗan gishiri, ba komai bayan haka. Na sa a baki na ɗago na kalli yaron, shi ma yana kallona. Alayyahu. Suna kiransa vlita. Na tambaye ta ina take samunsa a Paris, ta ce a shagunan 'yan Afirka na Château Rouge, inda matanmu ke cefane. Na uku kuɓewa ce ƙanana da aka dafa ɗungurungum cikin miyar tumati. Nan kam muka rabu da su, don su jiƙa ta suke yi cikin binegar don su kashe yauƙin, abin da mu kuwa don shi muke sayen kuɓewar. Sai kindirmo mai kauri da aka goga wa kokwamba da tafarnuwa, tzatziki, ana dangwala da wani burodi mai faɗi kamar gurasa. Sai kwano na tumati da kokwamba da albasa da 'ya'yan zaitun, an ɗora musu yankan farin cuku mai gishiri a sama. Da muka gama ta kawo mana kyauta, riɗi da zuma an danne an yanka, pasteli. Kantu ne, ba ragi ba ƙari, sai dai namu da sukari ake yi.

Aka kawo lissafi. Farantin alayyahun nan euro 9. Euro ɗaya 655 ne da 'yan kai a kuɗinmu, ku buga da kanku, kusan jikka shida ke nan. Ganyen da uwata ke aike na in tsinko bayan gida ina yaro, wanda in baƙo ya zo ake ture tukunyarsa gefe kar ya gani.

Ba kuɗin ne ya dame ni ba, Paris ce, komai da tsadarsa. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda matar nan ta ajiye farantin. Ba ta ce a yi haƙuri ba. Ba ta ce abincin talaka ne ba. Ta ajiye shi ta tsaya tana jiran ta ga fuskata, irin tsayuwar wanda ya san abin da ya yi. Mu kuwa fa? Magidanci a Maraɗi zai yi baƙo daga Yamai, matarsa ta iya dambun zogale da babu irinsa a unguwa, amma sai ya ce a soya taliya da firit, a sayo mayonez da lemun kwalba, don kar a ce bai girmama baƙo ba. Na yi haka da kaina, ba sau ɗaya ba, don haka ba wani nake nuna wa yatsa ba.

Ga ra'ayina, kuma na san ba kowa zai yarda ba: daga abincin mutanen Bahar Rum mun ɗauko ɓangaren da ya fi tsada a aljihunmu, ya fi cutarwa ga jikinmu, mun bar ɓangaren da tun fil azal muke da shi a gona. Ku duba manyan titunan Yamai bayan Isha'i, ku duba Maraɗi da Damagaram a 'yan shekarun nan, wuraren shawarma sai ƙaruwa suke. Saurayi ba ya jin ya yi zance sai ya riƙo leda mai shawarma. Kuma mene ne a ciki? Fulawa daga waje, mayonez daga waje, ketchup daga waje, man suya sau da yawa daga waje, wani lokaci har kazar daskararriya ce da ta sha hanya. Namu a ciki ɗan kabeji ne da albasa da gumin yaron da ke tsaye gaban wuta. Kuɗin shawarma ɗaya ya isa a sayi waken da gida guda zai ci ya ƙoshi.

Ba ina cewa a rufe wuraren shawarma ba ne. Yara da yawa suna cin abinci a wannan sana'a, wasu da ita suke biyan kuɗin karatun ƙannensu, kuma ni ma ina ci in ta samu. Wanda ya tashi ya nemi na kansa ya fi wanda ke zaune a fada yana shan shayi daga safe zuwa dare. Abin da nake tambaya shi ne me ya sa duk matashin da ya samu ɗan jari tunaninsa bai wuce ƙarfen shawarma da injin firit ba, alhali ga shagon maƙwabcinsa yana sayar da abu iri ɗaya. Goma a titi guda suna rabon ciniki ɗaya, bayan wata shida biyar sun rufe, ƙarfen yana jingine a zaure.

Ƙasarmu ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Masana tsirrai sun ce wannan waken asalinsa nan Afirka ne, daga nan ya kai Bahar Rum tun zamanin da. Albasar Galmi tana cika manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. Tattasan Diffa sananne ne. Tafarnuwa da dankalin Turawa da lemu suna saukowa daga lambunan Ayar. Jiratawa na nan kusa da Maraɗi, Mirya na nan kusa da Damagaram, lokacin sanyi tumati har zubarwa ake yi don rashin mai saye. Riɗi muna nomawa mu sayar wa 'yan kasuwa su fitar, wasu su niƙa shi su sa a kwalba su kira shi tahini. In ka cire zaitun da mansa, babu abu ɗaya a teburin dattijuwar nan da ba ya fitowa a ƙasar Hausa.

Bari in daɗe kaɗan a kan cukun, don shi ne ya fi ba ni haushi. Sunansa feta. Tun 2002 Tarayyar Turai ta kare wannan suna: ba za ka kira cukunka feta ba sai an yi shi a wasu yankunan Girka, da nonon tumaki, ko a haɗa da na awaki da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Jamus da Denmark, da ke yin nasu da nonon shanu, suka kai ƙara, kotun Tarayyar ta ba Girka gaskiya a 2005. A 2022 kotun ta sake samun Denmark da laifi don tana barin kamfanoninta su fitar da cuku da wannan suna zuwa ƙasashen waje. Shekara ashirin ana shari'a a kan sunan cuku! Don sun san sunan nan shi ne kuɗin makiyayin da ke bin tumaki a kan duwatsu.

Mu ma ba a bar mu a baya ba a takarda. A 2023 hukumar OAPI da ke Yawunde ta ba da takardun kare suna ga kayanmu huɗu: kilishin Nijar, albasar Galmi, cukun Nijar, da fatar jar akuyar Maraɗi. An yi biki, an yi jawabai, mun ji a rediyo, mun yi murna. To amma ina tambaya, ku gaya mini a ƙasan wannan rubutu in na yi kuskure: a Maraɗi ko Tawa, ina ne zan kai baƙo ya zauna a kujera, a kawo masa cuku a faranti tare da tumati da albasar Galmi, a kawo masa kilishi a yanke da kyau, ya ci ya biya ya tafi yana ba da labari? Cukunmu a tasha yake, a kan tire, ana bin tagar mota da shi, ƙura na sauka. Feta ba takardar Turai ce ta sa duniya ta san shi ba. Dubban ƙananan gidajen abinci irin na matar nan, daga Atens har Amurka da Ostireliya, su suka yi ta ɗora shi a kan tumati kullum har baƙo ya koyi sunansa. Takardar daga baya ta zo ta tsare abin da tebur ya riga ya gina.

Kuma in aka bi a hankali, abin da shagonta ya fi masu abincinmu da shi ba girki ba ne. Na rantse akwai mata a Maraɗi da ke sayar da dambu da kwaɗon zogale da ɗanwake a bakin titi waɗanda hannunsu ya fi nata. Kopto na matan Yamai ba ya jin kunyar kowane ganye a duniya. Abin da take da shi ƙananan abubuwa ne. Farashi a rubuce yake a allo bakin ƙofa, kafin ka shiga ka san abin da za ka biya, ba a duba rigarka a yanka maka kuɗi. Abincin bai wuce kala goma sha biyu ba, in ya ƙare ta goge shi a allo. Akwai wurin wanke hannu da sabulu, akwai makewayi mai tsabta. Ruwan sha a tulu na gilashi kyauta. Mace ita kaɗai za ta iya shigowa ta zauna ta ci ba wanda ya bi ta da ido. Wannan na ƙarshen ku yi tunani a kansa: ma'aikaciyar asibiti ko malamar makaranta a garuruwanmu, ina za ta zauna ta ci abincin rana cikin mutunci in ba ta da kuɗin babban otel? Kasuwa ce guda a zube ba mai ɗauka.

Yanzu ga waɗanda za su ce mini, Malam, ka je Turai ka ci ganye ka dawo kana yi mana wa'azi. Ina jinku, kuma wasu maganganunku gaskiya ne.

Man zaitun ba namu ba ne. A wajenmu magani ne, a 'yar kwalba ake sayensa a shagon magungunan Musulunci, a shafa ko a sha cokali ɗaya. Wanda zai ce talaka ya riƙa malala shi a kan wake bai san kasuwa ba. Amma wa ya ce sai da shi? Man gyaɗa na matan da ke yin ƙuli-ƙuli, wanda aka matse jiya, yana da ƙamshin da man jarka ba shi da shi. Maraɗi da gyaɗa aka san ta tun kafin a haife mu. Man riɗi ma yana nan. Ba kwaikwayon farantin Girkawa nake kira a yi ba, su ma da abin da ke bayan gidansu suka yi nasu.

Sai maganar ɗanyen ganye, wadda ita ce ta fi tsorata ni. Tumati da kokwamba da salati ɗanye suna kashe mutum in ruwan wankinsu ba shi da kyau. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da kwalarar 2018 ba, ba su manta da ta 2021 ba. Duk wanda zai sayar da ɗanyen kayan lambu ba ya da ruwa mai tsabta da ɗan jabel na wanki, gara ya bari. Shi ya sa ma na fi karkata ga dafaffen: wake, alayyahu, zogale, rama, kuɓewa, yakuwa. Amma masu wannan magana su juya ta kan shawarma su ma. Mayonez da aka buɗe tun la'asar a watan Afrilu, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke firigo ya mutu, naman da ya rage jiya aka mayar kan ƙarfe yau. Na taɓa kwana biyu a kwance bayan irin wannan a wani wuri a Yamai, ba zan faɗi sunansa ba. Nan ne aikin masu duba tsabta na ma'aikatar magajin gari yake, su riƙa zagayawa suna duba ruwa da firigo, ba sai ranar karɓar haraji ba.

Wasu kuma za su ce mutanen da ke fama da abin sawa a baki ina ruwansu da yadda aka jera faranti. Gaskiya ne akwai gidajen da damuwarsu hatsi ne ba tsari ba, kuma ban rubuta wannan don in koya wa mai jin yunwa cin abinci ba. Na rubuta ne don masu ɗan hali, mu da ke da zaɓi, don inda muka kai kuɗinmu can ciniki ke tafiya. Jikkar da ka ba mai dambu tana komawa wajen mai zogale da mai gero da mai man gyaɗa, duk a cikin jiha. Jikkar da ka ba mayonez jirgin ruwa take bi.

A kan lafiya ba zan cika baki ba, ni ba likita ba ne. Abin da aka sani shi ne wani masanin Amurka, Ancel Keys, ya fara wani babban bincike a 1958 a ƙasashe bakwai, aka tarar mazan ƙauyukan Kirit na wancan lokaci ciwon zuciya bai cika kama su ba. Daga irin wannan bincike sunan abincin Bahar Rum ya yaɗu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2010. Amma ku lura da su wane ne mutanen: talakawa ne manoma, nama sai ranar biki, kullum wake da ganye da hatsi, ga tafiyar ƙasa da aikin gona. Wato kakanninmu ke nan in ka canza musu suna. Kuma jikokin waɗannan mutanen yau sun koma gyros da firit da lemun kwalba, har Girka ta shiga sahun gaba a Turai wajen yara masu ƙiba fiye da kima. Dattijuwar da kanta ta ce mini jikokinta ba sa taɓa vlita. Hanyar da suka bi ita muka kama, kuma duk wanda ya je asibiti kwanan nan ya ga layin masu ciwon suga da hawan jini, cikinsu har da waɗanda ba su kai arba'in ba.

Da a ce ina da ɗan da ya tara jikka ɗari biyu ko uku yana neman sana'a, ga abin da zan ce masa. Kar ka sayi ƙarfen shawarma. Nemi ɗaki kusa da asibiti ko jami'a ko tasha, ka shafe shi da farar ƙasa, ka sa tebura biyar da randa mai famfo da sabulu. Ka je wajen innarka ko gwaggonka da ta iya dambu da kwaɗo, ka ɗauke ta aiki da albashi, ba taimako ba. Ka rubuta farashi a allo. Ka sa cuku da kilishi da kindirmo mai sanyi, ka sa kantu a ƙarshe. Kar ka sa wa wurin sunan Turanci ko na Larabci. In ka ga dama ka ajiye tsire a gefe don masu cewa abinci ba nama ba abinci ba ne, su ma 'yan uwa ne.

Da na dawo gida na gwada abin a kan iyalina. Na sayo wake da albasa da tumati da lemun tsami, na karɓo man gyaɗa wajen wata tsohuwa a unguwarmu, na ce wa uwargida yau ni zan nuna mata girkin Turai. Ta tsaya tana kallona har na gama jerawa a faranti, na ɓarɓasa cuku a sama. Ta ɗanɗana ta ce: "Malam, wannan ai wake da mai ne, yaji kawai ka manta." Ta ɗauko yajin ƙuli ta barbaɗa. Yaran suka cinye, ƙaramar tana tambaya ko gobe ma za a yi na Turai. Ranar Juma'a mai zuwa abokin aikina zai zo daga Yamai, na riga na ce a tanadi zogale.